Kasaru a Gidan Uba

Kawuna Yahlaf ya dawo Sijilmasa shekara uku bayan annoba, a wutsiyar wani ayari da ya fito daga Tilimsan. Ba wanda ya je tarbarsa, don ba wanda ya san yana da rai. Ni na buɗe masa ƙofa. Na ga wani tsoho siriri, rana ta gasa shi har ya ƙone, da jakar fata a kafaɗa, na ce masa Allah ya ba da haƙuri, mu ma nan gidan sadakar muke jira.

Ya ce, "Nan ne gidan Mahaluf baduku?"

Na ce, "A da. Kakana ne, ya rasu tun ina goye."

"Ittu fa?"

"Tana ciki. Wa za a ce?"

"Ka ce yayanta ne."

Inna ta fito da gari a hannu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ka tsufa." Ya ce, "Ke ma." Ta ce, "Shigo, ga ruwa can a randa." Gaisuwar ke nan ta mutanen da suka yi shekara talatin da wani abu ba su ga juna ba. Ni da na gyara tsayuwa don in sha kallon kuka da faɗuwa, sai na koma na rufe ƙofa.

Kada a ga laifin Inna. Mu goma sha ɗaya ne a gidan kafin annoba, da ta wuce sai ni da ita. Babana da yayyena da ƙannena duk a wata guda suka tafi, kuma ba mu muka binne su ba. Wasu 'yan haya ne da ba mu san sunansu ba suke zuwa da murfin ƙofa, su ɗora mutum, su kai rami ɗaya da sauran mutanen unguwa. Tun daga nan Inna ta daina kuka ta daina dariya. Tana dai tashi, ta yi niƙa, ta dafa, ta kwanta. Abu ɗaya na taɓa ji ta roƙa, shi ma sau ɗaya, tana tsince tsakuwa a cikin sha'ir: ranar da ta mutu, wanda zai shiga kabari ya karɓe ta ya zama jininta, ba baƙo ba.

Jinin nata kuwa ni kaɗai na rage, kuma duk unguwa an san Maimun ba mazauni ba ne. Na yi makarantar Sidi Lahsan har na kai Yasin, na hango sauran hanyar da nisa, na jingine allo. Na yi tallan man zaitun, na yi hawan dabino, na yi rakiyar jakuna, ba wanda na kai ƙarshen shekara a kansa. Duk ayarin da zai tashi ina ƙofar gari ina taya su ɗaurin kaya, ba wanda ya sa ni. Inna tana gani. Saboda haka da yayanta ya faɗo mana kamar daga sama, ta share masa ɗakin babana, ta shimfiɗa masa bargon da ba ta barin kowa ya taɓa, ta zuba ido ta ga ko zai zauna.

Labarin Kawu guntu-guntu na tattaro shi, don shi ba ya ba da shi a jere. Yana saurayi, gemu bai gama fitowa ba, wani madugu ya zo neman mai ɗinkin salka da zai bi ayari zuwa Walata. Kakana ya ce Yahlaf ya je ya dawo kafin dabino ya nuna. Aikin ba na alfahari ba ne. Salka ta tsage a tsakiyar rairayi, ƙarti su tsaya a kanka suna kallon ruwansu yana bin ƙasa, kai kuma ka durƙusa da basilla da jijiya da kitse ka toshe. In ka toshe ba mai gode maka, in ka kasa ba mai sauran yawun zaginka. A Walata ya tarar da ayarin alhazai yana neman irinsa, ya ce bari ya raka su Misra tunda ya riga ya fito. Daga Misra sai Makka. Daga Makka ya gangara Adan, ya zauna a Zabid, ya shiga jirgin ruwa yana kula da salkunan matuƙa har Kalikut. Ya taka wasu tsibirai da bai riƙe sunansu ba. Ya juyo ta Basra, annoba ta riske shi a Dimashƙ, ta bi shi har Tunis tana kwasar na dama da na hagu, shi ko zazzaɓi bai yi ba.

Kwanakin farko zaurenmu cika yake yi. Mutane sun gaji da labarin wa ya mutu, suna son su ji wani abu dabam.

Hammu mai gurasa ya ce, "Yahlaf, da gaske ne sarkin Hindu a kan giwa yake cin abinci?"

"Ban ga sarki ba."

"To me ka gani?"

"Fatarsu ba ta da ƙwari. Damshi ya yi yawa, da wuri take ruɓewa."

"Misra fa? An ce kasuwarta ba a gama zaga ta a yini."

"Ruwan kogi suke sha. Sai an bar shi ya kwanta."

Na ce, "Kawu, Ka'aba fa? Ko ita ma ɗinkin rigarta ka tsaya dubawa?"

Ya ce, "Ɗinkin yana da kyau."

Kafin wata ya mutu zauren ya koma na ƙudaje. Ni kaɗai na ci gaba da tono. Na tambaye shi ko ya yi aure, ya ce sau biyu, ɗaya a Zabid ɗaya a Kalikut. Na ce suna ina, ya ce suna can. Na ce 'ya'ya fa, ya ce akwai yarinya a Zabid, yanzu ta isa a ce tana da nata. Ya faɗa ne kamar mai tuna inda ya bar takalmi.

Inna ce ta fara gano abin. Gwiwoyin Kawu ƙara suke yi, in ya tashi daga sujada sai ka ji ƙas ƙas kamar ana karya busasshen reshen dabino, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da inda take niƙa. Ta kira ni ba ta ko ɗago kai daga dutsen niƙa ba.

"Maimun, kai da ka yi karatu."

"Kwata na yi, Inna, kada ki ƙara min."

"Azahar raka'a nawa ce?"

"Huɗu. Sai dai in an rage bayan na baro makaranta."

"Biyu yake yi."

Babin kasaru shi kaɗai na riƙe da kyau a wurin Sidi Lahsan, don a nan ne kawai aka yi maganar ragi. Matafiyi yana mai da mai huɗu biyu. In ya sauka wani gari ya yi niyyar kwana huɗu, ya zama mazauni, sai ya cika. In kuwa bai yi niyyar ba, kullum yana cewa gobe zan tashi, to ko shekara ya yi yana nan a matafiyinsa. Na yi wa Inna wannan bayani har da ɗaga yatsa irin na malamai. Ta ce, "Wato bai zo ba tukuna." Ta ci gaba da niƙanta.

Na same shi a inuwa yana jan jijiya da haƙori. Na ce, "Kawu, a Zabid da ka yi aure har da haihuwa, cikawa kake yi?"

"Kasaru."

"Shekara nawa?"

"Ban ƙirga ba. Jirgi nake jira."

"Ita matar ta sani?"

"Ta iya ƙirga."

Daga nan na lura da yadda yake zuwa masallaci. Asuba yana sahun gaba, Magariba ma haka, Juma'a kuwa tun ba a share tabarmi ba yana can, ita dama biyu ce. Amma Azahar da La'asar da Isha ba mai ganinsa, domin matafiyi in ya bi limamin gari dole ya cika. 'Yan unguwa suka sa masa suna Mai Biyu da Uku. Ya ji, har amsawa yake yi.

Inna ta cika kwando da dabino ta ce in kai wa Sidi Lahsan, in ce ya taimaka ya leƙo. Ya zo yana dogara sanda. Shi ma annoba ta bar shi da alluna jingine a bango, masu su suna ƙasa. Suka gaisa, ya zauna a bakin zaure.

"Yahlaf, a gidan nan aka yanke cibiyarka. Wanda ya shigo garinsu tafiyarsa ta yanke, ya yi niyya ko bai yi ba. Ka cika."

"Na ji, Sidi."

"Waɗanda ka yi tun shigowarka ma ka rama."

"To."

"Ba za ka yi ba ko?"

Kawu ya dubi bango. "Na gwada. In na zauna a ta biyu sai dai in ji na yi sallama."

Sidi Lahsan ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Ni dai na faɗa maka hukunci." Ya juyo kaina. "Kai kuma, mai gudun allo, ko biyun kana yi?"

Na ce, "Sidi, ni jira nake Kawu ya gama da ragin in gada."

Da a da ne, da sandar nan ta sauka a tsakiyar kaina. Ya dube ni kawai, ya dafa bango ya miƙe, ya tafi.

Inna ba ta taɓa buɗe baki ta ce masa zauna ba. Da hannu ta yi maganar. Ta fito da kayan aikin kakana da tsatsa ta ci, ta ajiye masa a ƙofar ɗaki. Ta ce gonar dabinonmu ba mai tare mata ruwa in layinmu ya zo, ya riƙa zuwa. Ta ce Izza ta gidan baya, wadda mijinta ya tafi a annoba, ta iya gurasa. Duk abin da aka ce sai ya ce to. Ya je gona, ya gyara gugan rijiyar unguwa, ya ɗinke salkunan rabin gari, ya ci gurasar Izza ya ce ta yi. Amma jakarsa tana nan a ɗaure a bayan ƙofa, kuma kowace safiya sai ya zubar da ruwan 'yar salkarsa ya cika da sabo ya rataye.

Ni kuwa da yake ina manne da shi, ya miƙo min basilla don in rage surutu. Ban rage ba, amma na koya. Ya nuna min yadda ake jiƙa fata kafin a huda, da yadda ake kwantar da faci daga ciki don ruwan da kansa ya danne shi. In na huda sau biyu a wuri ɗaya sai ya karɓe ya warware duka, ba faɗa ba zagi. Na fi son bulalar Sidi Lahsan, ita ko ba komai tana ƙarewa.

Wata rana ya makara a gona, ya dawo rana ta karkata. Ya yi alwala ya shiga ɗaki. Ina kwance a tsakar gida na ga Inna ta tsayar da hannu a cikin ƙullu. Ƙas ƙas. Ƙas ƙas. Shiru. Sai kuma ƙas ƙas, da wani ƙas ƙas ɗin. Ta wanke hannu ta ce in kamo tattabarun nan biyu da suka rage mana in yanka. Ta yi kuskus da kabewa da albasa, har da man shanun da ta ɓoye a ƙasan tulu tun babana yana da rai. Rabon gidanmu da wannan ƙamshi tun kafin annoba.

Muka zauna ni da Kawu a gaban akushi, ita tana bakin ƙofa. Na ce, "Kawu, barka da zama ɗan gari."

"Me aka yi?"

"Inna ta ji huɗu."

Hannunsa ya tsaya a cikin akushi. Ya ce, "Azahar ce da La'asar. Na makara, na haɗa."

Inna ta ce, "Ku ci, zai huce." Muka ci. Muka cinye tas har da suɗe ƙashi, ta ɗauki akushin ta je ta wanke.

Da sanyi ya fara shigowa, Madugu Wanudin ya zo gidanmu, ɗan ƙabilar Massufa, fuska a rufe sai idanu. Ya ce annoba ta cinye masu ɗinkin salka, wanda ya bi su bara ɗan koyo ne, saura kaɗan su sha jinin raƙumi kafin Tagaza. Ya ji an ce akwai tsohon hannu a nan.

Kawu ya ce, "Yaushe?"

"Da wata ya tsaya."

"Zan duba."

Amma na ga hancinsa yana buɗewa kamar na raƙumin da ya jiyo rijiya. Tun zuwansa ban ga wani abu ya motsa a fuskar nan ba sai ranar. Na ce, "Madugu, in kana son na biyu ga ni, ni ma na iya."

Madugu ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa Kawu, "Wannan bakin nasa kaɗai zai shanye mana salka guda."

Bayan ya tafi na gaya wa Kawu gaskiya, cewa zan bi ayarin nan, ko a gefensa ko a bayansa. Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga Inna tsaye a ƙofar zaure, wurin da ba kasafai take takowa ba.

"Yaya."

"Na'am."

"Ranar da Baba ya rasu ba ka nan, ban ce komai ba. Ranar tsohuwa ma haka. Yanzu ga ku ku biyu. Ɗaya zai zauna. Ban ce wane ba."

Ta juya ta koma ciki.

Na ce, "Kawu, ko ƙuri'a za mu ja?"

"In ta faɗa kanka za ka zauna?"

Na buɗe baki zan shirga masa ƙarya, na ga yana kallona. Na ce, "Zan zauna har ayari na gaba."

Ya ce, "Na sani."

Ya tashi ya ɗauko wata tsohuwar salka, ya sa wuƙa ya tsaga ta a wuya, wurin da ya fi wuyar kamawa, ya jefo min. Na yini a kanta. Da na gama ya sa na cika ta da ruwa, ya kwantar da ita a ƙasa ya hau ya zauna. Ya daɗe a zaune yana kallon ɗinkin. Ko ɗigo. Ya ce, "Kitsen ya yi yawa." Bai ƙara ba.

Washegari da Azahar Inna tana niƙa, ni ina tsakar gida ina yi kamar mai gyaran takalmi. Kawu ya shiga ɗaki. Muka ji ta farko, muka ji ta biyu. Sai zaman tahiya, zaman da ya yi tsawo har na fara tunanin ko barci ya kwashe shi, ko wanda ya fi barci. Dutsen Inna yana ta juyawa a hankali. Can sai ƙas ƙas. Dutsen ya tsaya. Ya yi ta uku, ya yi ta huɗu, muka ji sallamarsa ƙasa-ƙasa. Ya fito ya zauna a inuwar bango, gumi a goshinsa kamar wanda ya sauke kaya, ya ce, ba da kowa yake ba, "Tana da tsawo."

Inna ba ta ce a yanka komai ba, dama babu abin yankawa. Ni ta duba. Ta ce, "Jakar babanka tana rataye a ɗakina, gindinta ya yage. Ka ɗinke da kanka, ai ka iya yanzu." Ta ɗebi sha'ir ta zuba a dutse.

Ranar tashi ta ɗaure min curin dabino da soyayyen gari. Ba ta fito waje ba. Na durƙusa na ce ta sa min albarka, ta sa, sannan ta ce, "Ka riƙa rufe bakin nan, rairayi yana shiga." Kawu ya raka ni ƙarshen lungu ya tsaya. Na ce ba za ka ƙarasa ƙofar gari ka ga tashinmu ba? Ya ce gwiwa. Daga inda muke ana jiyo kukan raƙuma ana ɗora musu kaya, na ga ya juya wa ƙarar baya tun kafin in gama sallama.

Na ce wa Inna zan dawo kafin dabino ya nuna. Yanzu dabino ya nuna sau shida ko bakwai, ina tsakanin Tagaza da Walata da wasu wuraren da ba su cancanci suna ba. Bara, a kasuwar Walata, ina zaune da salka a cinya, wani mai sayar da tagulla ya tsaya a kaina ya ce kamar ya san wannan bakin. Ɗan unguwarmu ne, ƙanin Hammu mai gurasa. Muka gaisa, na tambaye shi gida.

Ya ce, "Ittu ta rasu. Sanyin bara... a'a, na waccan shekarar. Ba ta jima tana jinya ba."

Na ce, "Allah ya jiƙanta. Wa ya shiga kabarin?"

"Yayanta. An ce ya bari samari su shiga, ya ƙi. Ya karɓe ta ya kwantar, ya gyara mata. Fitowa ce ta gagara, sai da mutum biyu suka kama shi ta hammata suka ɗago shi."

"Shi fa yanzu?"

"Yana nan. Kullum yana bakin rijiya yana gyaran guga."

"Bai tafi ba?"

"Ina za shi da waɗannan ƙafafun?"

Na ƙarasa hudar da na fara, na ja jijiyar. Na ce masa in ya koma ya gaishe min da Kawu, ya ce masa na rage kitse. Ya ce shi ba komawa zai yi ba, Gao ya nufa.